A Kai Wa 'Yan Jari-Bola Labarin Wannan Alama

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Katsina. Kwanan baya na zana wa ɗan yayata alamar gargaɗin radiyeshin, wato hasken nukiliya mai cutarwa wanda ido ba ya gani, mai fukafukai uku a kan ruwan ɗorawa, na ce me ya gani. Ya ce: "Kawu, ai fanka ce." Yaron nan sana'arsa jari-bola, kullum hannunsa na cikin tsoffin ƙarafa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

In an ce nukiliya, hankalinmu kan tafi ga bam ko haɗarin tashar nukiliya ta Chernobyl. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na birnin Goyaniya a Birazil, a 1987. Mutum biyu suka shiga wani asibitin da aka yi watsi da shi, suka ɗauko wani sashe na injin gashin cutar daji a baro, suka sayar wa dillalin ƙarafa. Da dare dillalin ya ga wani gari a ciki yana walƙiya shuɗi shar, ya ɗauka abin arziki ne, har ya rarraba wa dangi. Ashe siziyom-137 ne, sinadari mai fitar da radiyeshin. Aka yi ta amai ana zargin abinci. Matarsa ce ta gane, ta sa abin a jaka, ta hau bas ta kai wa jami'an lafiya. Ita ma ba ta tsira ba. Mutum huɗu suka rasu, har da yarinya 'yar shekara shida, aka kuma auna kimanin mutum 112,000 don a ga ko radiyeshin ya taɓa su. Ranar binne yarinyar ma sai da jama'a suka tare maƙabarta da jifa, don tsoro.

Babu injiniya ko ɗaya a cikinsu, Malam Edita. Talakawa ne masu neman na tuwo.

Muna da hukumar kula da harkokin nukiliya ta Nijeriya, NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa, ta fara aiki a 2001. Ita ke ba da lasisin irin waɗannan na'urori, tana kuma sa ido a kan ƙaramar tukunyar binciken nukiliya ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Madalla. Amma lasisi tsakanin masu ofis yake yawo, ƙarfe kuwa in ya tsufa hannun mai kura yake faɗawa. Mu kuma ga mu a bakin iyaka, kaya na shigowa ta Jibiya dare da rana.

Tun 2007 hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta fito da ƙarin alama: ja, mai ƙoƙon kan mutum da wani yana gudu, don wanda bai yi boko ba. Roƙona a buga duka biyun, a manna a rumfunan 'yan gwangwan da maƙera, a yi bayani a rediyo da Hausa. A kuma tabbatar wa wanda ya tsinci irin wannan ƙarfe cewa in ya kai rahoto ba za a kama shi da sunan ɓarawo ba. Ɗan yayata ya ce in dai akwai zancen 'yan sanda, shi rijiya zai jefa shi.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Ƙofar Ƙaura, Katsina