Wasiƙa: Ƙ ɗinmu ce ke komawa Æ™ a intanet

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kana cikin karanta labari a intanet sai ka ga 'yan ya koma &#39;yan, ƙ ta zama Æ™, ɗ kuma É—, mutane su yi ta zagin wayarsu alhali wallahi wayar ba ruwanta.

Kwamfuta ai ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsohon tsarin ASCII alamomi 128 kacal gare shi, babu ƙ babu ɗ babu ɓ. Unicode ne ya ba kowane harafi lambarsa, ƙ 409, ɓ 595, ɗ 599, sannan UTF-8, tsarin ajiye waɗannan lambobi da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana ajiye ƙ a bayit biyu (bayit ƙaramin ma'aunin ajiya ne a kwamfuta), to idan shafin bai faɗa wa burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, cewa UTF-8 ne ba sai ta ɗauki kowane bayit a matsayin harafi guda, shi ne wannan shirmen da muke gani.

Shi kuwa &#39; labarinsa daban, kuma ban ga laifin masu gina shafi ba. Alamomi irin < da > da & suna da aiki a HTML, yaren da ake rubuta shafukan intanet da shi, duk abin da aka sa tsakanin < da > burauza umarni take ɗaukarsa, shi ya sa ake sauya su zuwa &lt; da &gt; da &amp; kafin a nuna, haka ma alamar ' da ke farkon 'yan ake sauya ta zuwa lambarta ta 39. In ba a yi haka ba wani mugu zai iya cusa umarni a inda ake rubutu ya sace bayanan masu karatu. Matsalar ita ce a sauya sau biyu, & ɗin da ke gaban #39; ita ma a sake sauya ta, daga nan burauza ta warware sau ɗaya ta bar mana sauran a ido.

Abin da ya fi ba ni haushi, wasu sun gaji sun daina sa lanƙwasar gaba ɗaya, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Haba! Layi ɗaya ne fa a saman shafi da zai ce UTF-8, rumbun bayanan ma a sa shi kan UTF-8, sannan a sauya alamomin sau ɗaya tak lokacin nunawa. Ku taya mu isar wa masu kula da shafukan Hausa.

Naku,
Wani mai karatu