Amsa ga Baffa kan abin da nake kiwo a ɗakin gwaje-gwaje

Assalamu alaikum, Baffa. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya da iyali.

Maganar da ka yi a majalisar bayan Isha'i a unguwar Rusaifa ta Makka ta iso mini Jidda tun gari bai waye ba, don an naɗe ta a waya, an yi ta turawa har Madina. Ka tambayi jama'a ko 'yar gidan malamai ta rasa abin karantawa ne sai ƙwayar hirbis, wadda ka kira cutar mazinata, ka tambayi dalilin da za a zuba wa mutane ƙwayar cuta a jiki da sunan magani, ka kuma ce in aikin na gaskiya ne ina rigakafin. Sannan ka rufe da cewa da mahaifina na raye da bai yarda ba. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a bainar jama'a zan amsa, kuma da maganar ƙarshen zan fara, domin ita ta hana ni barci.

Mahaifina ne ya kai ni makaranta da ƙafarsa, lokacin da wasu a dangi ke cewa karatun mace ɓata kuɗi ne. A bakinsa na fara jin hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ya san abin da nake karantawa kafin ya rasu, ya sa albarka. Ba ka tambaye shi yana raye ba, Baffa, bai dace ka ara masa baki yana kabari ba.

Ƙwayar hirbis da ka kira ta mazinata iri biyu ce. Ta farkon, wadda nake aiki a kanta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan biyu cikin uku na mutanen duniya da ba su kai shekara 50 ba suna ɗauke da ita, sama da mutum biliyan 3 da rabi. Yawanci tun ana yara ake kamuwa, ta yawu, ta sumbatar uwa ko kaka. Ita ce ƙurajen nan masu ruwa da ke fesowa a gefen leɓe bayan zazzaɓi, ko bayan alhaji ya sha ranar Arfa. In an warke ba ta tafi ba, tana bin jijiya ne ta laɓe can cikin kai har ƙarshen rayuwa. Wato mafi yawan waɗanda suka gyaɗa maka kai a daren nan suna tare da ita. Ta biyun kuwa ta saduwa ake ɗaukarta, gaskiya ne, amma cikin masu ita akwai matan da ba su taɓa sanin kowa ba sai mazajensu, kuma da yawa ba su ma san suna da ita ba. Su ma kalmarka ta same su.

Ga abin da nake yi. Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan tantanai da ido ba ya gani, kuma Allah ya sa wa kowanne dabara: in ƙwayar cuta ta shige shi, sai ya kashe kansa kafin ta hayayyafa, kamar yadda ake yaye jinkar ɗaki guda in gobara ta tashi don kada ta cinye unguwa. Hirbis ta san wannan, tana da furotin da ke toshe umarnin mutuwar. Ɗaya daga ciki sunansa ICP6. A tsakanin 2014 da 2015 masu bincike suka gano abin mamaki game da shi: a tantanin ɗan Adam hana mutuwar yake yi, ƙwayar ta samu sararin yaɗuwa, amma a tantanin ɓera shi ke tayar da ita. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka me ya sa abin da ya yi kyau a jikin ɓera kan zo ya faɗi a jikin mutum. Ni aikina na shimfiɗa tantanai a faranti, na zuba musu ƙwayar, bayan kwana biyu ko uku na rina farantin da launin shuɗi mai duhu. Duk inda ta ci sai ka ga farin rami kamar ɗigo. Na ƙirga ramukan, na canza abu guda, na sake. Babu wani mutum da nake yi wa allura a ɓoye.

Batun zuba ta a jikin mutane kuma, ana yi, kuma alheri ne. Da aka san waɗanne daga cikin ƙwayoyin gadon hirbis ne makaman da take yaƙar jiki da su, sai aka iya cire su. A 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata hirbis da aka cire wa biyu daga cikinsu, aka ƙara mata wani mai kiran garkuwar jiki, ana tsira ta cikin ƙullutun kansar fata mai tsanani, ta hayayyafa a ciki ta fasa shi. A 2021 Japan ta amince da wata don kansar ƙwaƙwalwa, kuma cikin abubuwan da aka kashe mata har da ICP6 ɗin nan.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta 2023. Akwai ciwon gado da ake haihuwar yaro fatarsa ba ta manne da naman da ke ƙarƙashinta ba. Na ga irin wannan jariri. Uwar ba ta iya ɗaga shi ta hammata, sai ta zura hannu ƙarƙashin matashi ta ɗauke su tare, don wurin da yatsa ya danna salewa yake yi. Canjin bandeji kan ɗauki awanni, shi yana kuka, ita tana kuka. Maganin da ake kira Vyjuvek hirbis ce da aka hana ta haihuwa, aka ɗora mata ƙwayar gadon da yaron ya rasa, ana ɗiga ta a kan gyambon mako-mako, fatar ta fara haɗa abin da ke riƙe ta. Mai tsananin ciwon yana zuwa ne in uwa da uba duk suna ɗauke da shi, ka kuwa san yawan auren zumunci a ƙasar nan, tsakanin Larabawa da tsakaninmu.

Rigakafi babu tukuna, kuma ba ni kaɗai ake jira ba. An gwada wata allura a kan mata sama da 8,000 a Amurka da Kanada, sakamakon ya fito a 2012, ba ta kare su daga iri na biyu ba. A 2024 kamfanin GSK ya dakatar da wata. Amma 'yar uwar hirbis mai kawo ƙarambau an samo mata rigakafi a Japan tun 1974, allurar hizam nari kuma, wato ƙuraje masu zafi da ƙwayar ƙarambau ɗin ke dawowa da su a tsufa, ana yin ta a ƙasar nan ga masu shekara 50 zuwa sama. Kai ma ka cancanta.

Akwai abin da ba zan haɗiye ba. Kowa ya san a shagonka ana sayar wa alhazai da masu Umara haɗin zuma da saiwoyi, an rubuta a jikin kwalbar cewa yana fitar da sanyi kowane iri daga tushe. Tun da na faɗa wa mata a wani biki cewa babu abin sha da ke fitar da wannan ƙwaya daga jijiya, ko maganin asibitin ma kwantar da ita kawai yake yi, gaisuwarmu ta canza. Da ka faɗa wa majalisa wannan ma, da sun auna tambayarka da kyau.

Abin da ya fi damuna ya wuce ni da kai. Mutanenmu a nan dama suna ɗari-ɗari da asibiti, wani saboda iƙama, wato takardar izinin zama, wani saboda kuɗi, yanzu ka ƙara musu kunya. Mace mai ciki da ƙuraje suka fito mata a gaba za ta yi shiru, alhali in ta faɗa akwai maganin da ake ba ta a watan ƙarshe, in ta kama a yi mata aiki a ciro yaron, domin a jikin jariri ƙwayar na iya kaiwa ƙwaƙwalwa ta kashe shi. Ranar suna kuma jinjiri ɗan kwana bakwai yana yawo hannu zuwa hannu, kowa na sumbata, har mai ɗanyen ƙurji a leɓe.

Ana jin maganarka fiye da tawa, Baffa. Ina roƙonka ka koma majalisar, ka janye abin da ka faɗa a kan mahaifina, ka kuma gaya wa maza su faɗa a gidajensu cewa mai ƙurji a leɓe ya haƙura da sumbatar jariri sai ya warke.

Wassalam,
'yar ɗan'uwanka, daga Jidda.