Wasiƙa Zuwa Ga Edita: In Kun Ce "An Gano Magani", Ku Ƙarasa Mana Labarin

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini rai. Na yi shekara 31 ina aikin jinya, mafi yawansu tsakanin ɗakin haihuwa da ɗakin yara, kafin in yi ritaya. Har yanzu ina bibiyar binciken likitanci gwargwadon ƙarfin idona, kuma ina karanta shafinku na lafiya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata baiwar Allah da ta yi sallama a gidana da waya a hannu, jikinta har rawa yake don murna. Ɗanta mai shekara 9 yana da sikila, na sha zama da ita a bakin gadonsa yana murƙususu. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Mama, kin gani? An gano maganin sikila, warkewa gaba ɗaya. Ina za mu kai shi?" Na karɓa na karanta, layi bakwai ne ko takwas, babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Amma abin da aka bari ba a faɗa ba ya fi wanda aka faɗa yawa, kuma ni aka bari da aikin kashe mata wannan murna.

Maganin da ake magana a kai shi ne Casgevy, wanda hukumar magunguna ta Birtaniya ta amince da shi a watan Nuwamban 2023, ta Amurka kuma ta bi sahu a Disamba. Ba ƙaramin abu ba ne, ni ma da na fara jin labarinsa sai da na yi hawaye. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiya, a gyara su da fasahar gyaran ƙwayoyin gado da ake kira CRISPR, wadda ta sa aka ba Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna lambar Nobel a 2020, sannan a mayar masa da su, su riƙa samar da irin jinin da jariri ke da shi a cikin uwarsa, wanda ba ya lanƙwashewa. A alƙaluman da hukumar Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da mummunan tashin ciwo ba. To amma kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ba mutum magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji ya ƙone tsohon ɓargonsa, ya yi makonni a killace a asibiti ba shi da garkuwar jiki, kuma yana iya rasa haihuwa har abada. Amincewar da aka yi a lokacin ta 'yan shekara 12 zuwa sama ce. Asibitocin da ke iya wannan aiki a faɗin duniya ƙalilan ne, tsadarsa kuwa ko ƙasashe masu arziki sai da suka yi dogon tunani. Masu sikila a duniya sun kusa miliyan 8.

Da na gama yi mata wannan bayani sai ta yi shiru, can ta ce, "To shi ke nan, babu komai ke nan." Na ce, "'Yata, akwai. An taɓa yi miki maganar haidiroksiyuriya?" Ba ta taɓa jin sunan ba. Wannan ƙwaya ce da ake sha kullum, Amurka ta amince da ita don sikila tun 1998, kuma abin da take yi dangin abin da Casgevy ke yi ne, wato ƙara yawan wancan jini na jarirai, sai dai ita ba ta warkarwa, sauƙi take kawowa. An daɗe ana ɗari-ɗari da ita a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, har aka yi binciken REACH a kan yara sama da 600 a Angola da Kongo da Kenya da Yuganda. Sakamakon ya nuna tashin ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mace-mace sun ragu, har shi kansa zazzaɓin ya ragu. Sharaɗinta shi ne likita ya riƙa auna jinin yaron a kai a kai. Malam Edita, wanne ya fi amfani ga wannan uwa, labarin da ta karanta ko wannan da ba ta taɓa ji ba?

Abin da nake so in jawo hankalinku a kai ke nan. Binciken da ya fi ceton rayuka sau da yawa ba shi da ƙyalƙyali, kuma shi ne ba ya samun kanun labarai.

Bari in kai ka ɗakin haihuwa, tunda ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan miliyan 14 ne ke zubar da jini fiye da ƙima bayan haihuwa a kowace shekara, kusan 70,000 daga cikinsu suna rasuwa. Yadda muka taso muna aiki, da ido ake kintatar jinin da mace ta zubar. A dubi zanin gado, a dubi ƙasa, a dubi tsummokaran da suka jiƙe, a ce bai kai ba tukuna. Ba zan manta da wata yarinya ba, haihuwar fari, ta sauka lafiya tana ta yi mini hira tana tambayar ko jaririn ya yi kama da babansa. Jinin yana tsiyaya a hankali yana shigewa ƙarƙashinta. Sai da na ga leɓenta ya yi fari, ta fara hamma tana cewa ƙishirwa take ji, na kama hannunta na ji sanyi ƙalau, sannan na gane mun makara. Allah Ya sa ta rayu, bayan an ƙara mata jini leda uku. Ba duk waɗanda na gani a wannan hali ne suka tashi ba.

A watan Mayun 2023 aka wallafa sakamakon binciken E-MOTIVE, wanda Jami'ar Birmingham ta jagoranta tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, a kan mata fiye da 200,000 a asibitocin Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya. Babu sabon magani a ciki. Wata leda ce mai mazurari da ma'auni ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, jini ya taru a ciki ana gani da lamba. In ya kai rabin lita, ba a tsayawa gwada abu ɗaya a jira a ga ko zai yi, a lokaci guda ake murza mahaifa, a yi allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, a ba da tiranekzamik mai tsayar da zubar jini, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya. A asibitocin da suka ci gaba da kintace, kusan rabin masu zubar jinin ne kawai aka gano. A masu ledar an gano fiye da kashi 90 cikin 100, kuma mummunan zubar jini da abin da yake jawowa ya ragu da kashi 60 cikin 100. Da na karanta, waccan yarinya ce ta faɗo mini a rai, da wasu da ba zan iya ba da labarinsu ba.

Shi kansa tiranekzamik ɗin, wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, ita da mijinta suka samar da shi tun farkon shekarun 1960, burinta kuma ya ceci mata masu haihuwa. Ta rasu a 2016, shekara guda kafin binciken WOMAN na mata 20,000 a ƙasashe 21 ya tabbatar cewa in aka ba da shi cikin awa uku da haihuwa yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Fiye da shekara 50 magani yana kan kanta ana jiran wanda zai gwada shi yadda ya kamata. Haka deksametazon, tsohon magani da ke kowane ɗakin magani, sai a watan Yunin 2020 binciken RECOVERY na Jami'ar Oxford ya nuna yana rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya cikin uku, amma bai amfani waɗanda ba sa buƙatar iskar oksijin ba. Wannan "amma" ta ƙarshe ita ce ta fi yawan faɗuwa a hanya, mutane suka yi ta sayensa suna sha a gida.

Sai maganar lambobi, wadda nake roƙon ku ƙara kula da ita. Lokacin da sakamakon binciken SELECT ya fito a Nuwamban 2023, duniya ta ɗauka cewa allurar rage ƙiba ta Wegovy tana rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kashi 20 cikin 100. Gaskiya ne. Amma mutum 17,604 da aka gwada duk masu ƙiba ne da tuni suke da ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini, kuma ba su da ciwon sukari. A cikin shekara uku da 'yan watanni, kashi 8 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki sun gamu da matsalar, a masu maganin kuma kashi 6.5. Wato a mutum 1,000, daga 80 ya dawo 65. Mutum 15 ba abin rainawa ba ne, kowannensu uban wani ne ko uwar wani. Sai dai wanda ya ji "kashi 20" da wanda ya ji "15 cikin 1,000" ba hoto ɗaya ne a kansu ba, kuma mai karatu yana da haƙƙin ya ji duka biyun. Haka maganin Leqembi na ciwon mantuwar tsufa, an ce yana rage saurin lalacewar ƙwaƙwalwa da kashi 27 cikin 100, alhali a ma'aunin da ke da maki 18 bambancin bai kai rabin maki ba, kuma kusan mutum ɗaya cikin takwas ya samu kumburi a ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma labaran da ban cika gani a jarida ba ko kaɗan, na binciken da ya ce mana mun yi kuskure. An koya mana cewa yaron da zazzaɓi mai tsanani ya galabaitar, hannu da ƙafa suka yi sanyi, a buɗe masa ƙarin ruwa da sauri. Na yi haka da hannuna ba sau ɗaya ba, kuma a idona yaran suna farfaɗowa. Binciken FEAST, wanda Farfesa Kathryn Maitland ta jagoranta a kan yara 3,141 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, sai da aka dakatar da shi kafin lokaci a 2011, saboda cikin kwana biyu kusan kashi 10.5 cikin 100 na yaran da aka ɗura wa ruwan da sauri sun rasu, a waɗanda ba a yi wa haka ba kuma kashi 7.3. Ba da masu gudawa aka yi binciken ba, su ruwan ne ke ceton su, kada wani ya karanta wannan ya hana ɗansa. Na daɗe ban yi barci mai daɗi ba bayan na karanta wannan sakamako. Da ba a raba yaran gida biyu ta hanyar ƙuri'a an gwada ba, da har gobe muna rantsuwa da abin da idonmu ya gani.

Haka maganin sikila na Oxbryta, da Amurka ta amince da shi a 2019 saboda yana ƙara yawan jini, kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwannin duniya a Satumban 2024 bayan alƙaluma sun nuna alamun ƙaruwar tashin ciwo da mace-mace. An yi shelar zuwansa, tafiyarsa kuwa mutum nawa suka ji?

Kada a ɗauka ina hana a yi murna. Allurar lenakapabir da ake yi sau biyu a shekara, a gwajin 2024 a Afirka ta Kudu da Yuganda, cikin mata 2,134 da aka yi wa babu ko ɗaya da ta kamu da cutar ƙanjamau. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro yanzu har biyu ne, RTS,S da aka amince da shi a 2021 da R21 a 2023, kuma a gwajin RTS,S a Ghana da Kenya da Malawi mutuwar yaran da suka isa karɓarsa ta ragu da kashi 13 cikin 100, ko da yake bai ɗauke wa kowa kwana a gidan sauro ba. A Ingila, 'yan matan da aka yi wa rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, suna shekara 12 zuwa 13, sankarar bakin mahaifa ta ragu a cikinsu da kashi 87 cikin 100. Waɗannan sun cancanci a buga musu ganga.

Roƙona, Malam Edita, shi ne duk labarin bincike da za ku kawo, ku gaya mana a kan mutane aka gwada ko a kan ɓeraye, mutum nawa ne kuma su waye, da me aka kwatanta, wace illa aka gani, kuma yana hannun likitoci yanzu ko yana gaba tukuna. Layi biyar sun isa. Ku samu likita ko masanin haɗa magunguna ya riƙa duba shafin kafin ya fita, kuma in an janye wani magani da kuka taɓa yabawa, ku ba janyewar fili daidai da wanda kuka ba zuwansa.

Ita kuwa uwar yaron nan, na raka ta wurin likitan yara, an auna jininsa an ɗora shi a kan haidiroksiyuriya, wata na huɗu ke nan. Ita ta matsa mini in rubuto muku, ta ce in roƙe ku ku yi cikakken bayani a kan wannan magani domin sauran iyaye irinta, to ga shi na isar da saƙonta.

Wassalam.

Daga wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya