Rubutun Jinga A Intanet: Kuka Daga Maraɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarku domin in yi magana a kan wata sana'a da ta shigo garuruwanmu ba tare da sallama ba, wadda matasa masu ilimi da dama a nan Maraɗi suke ci da ita, amma ba kasafai ake ambatonta ba idan ana zancen aikin yi. Ina nufin rubuta labarai da maƙaloli barkatai domin cika shafukan intanet, a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Ina cikin masu wannan aiki, kuma abin da nake so in faɗa shi ne, yadda ake biyan mu shi ne tushen lalacewar rubutun Hausa da mutane ke kuka da ita a intanet, ba lalacin matasa ko jahilcinsu ba kamar yadda ake yawan zargi.

Ga yadda aikin yake tafiya. Da asuba, kafin mutum ya gama lazimi, saƙo ya riga ya shigo ta WhatsApp daga mai shafi ko daga dillalinsa, ɗauke da jerin kanun labaran da ake so a cika kafin la'asar. Ɗaya a kan rikicin ƴan fim, ɗaya a kan amfanin zogale, ɗaya a kan sakamakon wasan ƙwallon jiya a Ingila, wani kuma a kan hanyar samun biza zuwa Kanada. Ba a tambayar ko marubucin ya san wani abu a kan ɗaya daga cikinsu. Abin da ake faɗa masa kawai shi ne yawan kalmomin da ake so, da wasu kalmomi na musamman da dole ya yi ta maimaitawa a cikin rubutun domin Google ya tura masu bincike zuwa shafin. Mafi yawanmu ba mu da kwamfuta, da babban yatsa muke buga komai a kan salula wadda gilashinta ya tsage, ido yana kan rubutu, rabin hankali yana kan sauran cajin da ya rage. Idan aka gama aka tura, amsar da takan dawo ita ce a canza kan labarin a sa masa abin da zai ja mutane su latsa, irin su «abin da ya biyo baya zai ba ku mamaki», ko da kuwa babu wani abin mamaki a ciki.

Wannan tsari ba mu muka ƙirƙiro shi ba. A Amurka ya fara bunƙasa, inda wani kamfani mai suna Demand Media, mai shafin eHow, ya riƙa biyan dubban marubuta kusan dala 15 ta Amurka a kan kowace maƙala, yana zaɓen batutuwa bisa abin da mutane suka fi nema a Google. Abin ya yi yawa har a watan Fabrairun 2011 Google ya sauya tsarin bincikensa da gyaran da aka sa wa suna Panda domin ya danne irin waɗannan shafuka, ya kuma sake wani gyaran makamancinsa a watan Agustan 2022. Amma sana'ar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi zuwa ƙasashen da ake samun mai ilimi da arha da kuma harsunan da babu mai sa musu ido sosai. Abin da marubucin Amurka ya raina shekaru goma sha da suka wuce, a wurinmu yau kuɗi ne da ko a mafarki ba a ba mu.

Bari in yi lissafi a fili, domin a nan ne maganar take. Mafi ƙarancin albashin da doka ta amince da shi a Nijar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa sefa 42,000 a wata tun farkon shekarar 2024. Ni an sha biya na sefa 500 a kan maƙala guda, wato dala ɗari a lissafinmu na kasuwa, inda sefa biyar take dala ɗaya. A kan wannan farashi, sai mutum ya rubuta maƙala 84 a wata kafin ya kai albashin da doka ta ce bai kamata a ba ko da ma'aikaci mafi ƙanƙanta ƙasa da shi ba, kuma wannan kafin a cire kuɗin data, da kuɗin caji, da la'adar dillali, da abin da masu aika kuɗi suke yanka. Babu asusun fansho, babu hutun rashin lafiya, babu takardar yarjejeniya. Idan mai shafi ya ce rubutun bai yi masa ba, ya ƙi biya, sannan bayan kwana biyu ka ga rubutun nan a shafinsa an canza masa kai kawai, babu inda za ka kai ƙara, domin a idon hukuma ba ka taɓa yi masa aiki ba. Wannan ya faru da ni, ya kuma faru da kusan duk wanda na sani a cikin sana'ar.

Mu mutanen Maraɗi muna da wani ƙarin nauyi da ya kamata a sani. Galibin shafukan Hausa masu ba da irin wannan aiki suna hannun ƴan uwanmu na Kano da Kaduna da Abuja, kuma da naira suke biya. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, alhali sefa tana ɗaure da kuɗin Turai a kan sefa 655.957 kowace Yuro ɗaya. Ma'ana, wanda ya yi jinga da naira yana nan yana rubuta adadin kalmomin da ya saba, amma in ya je wurin ƴan canji abin da zai karɓa ya zube warwas, kuma ba a taɓa kiran sa an ce za a ƙara masa don a cike giɓin ba. Ga kuma wuta. Lantarkin Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina yake zuwa, kuma kowa ya tuna halin da aka shiga lokacin da Nijeriya ta katse wutar a watan Agustan 2023, har zuwa bayan ɗage takunkumin ECOWAS a ranar 24 ga Fabrairun 2024. A waɗancan watanni na ga marubuta suna zaune a bencin mai shagon caji, ƙarar janareta tana cika kunne, suna rubutu da salular da ke jone da caji, domin mai shafi da ke wani gari ba ruwansa da ko akwai wuta ko babu, lokacin da ya sa shi ne lokaci. Masu neman aiki kai tsaye daga Turawa ta dandali irin su Fiverr kuwa, kashi 20 cikin ɗari na kuɗinsu dandalin yake ɗauka, sauran kuma sai an bi ta hannun wani mai asusu a waje kafin ya iso, shi ma da nasa rabon.

To, Malam Edita, mutumin da dole ya fitar da maƙala uku ko huɗu kowace rana kafin ya ci abinci, yaushe zai yi bincike? Yaushe zai kira likita ya tambaye shi, ko ya taka zuwa kasuwa ya ji farashin gero da kunnensa? Duk manomi ya san cewa idan ka yi jinga da ɗan ƙwadago a kan yawan kunya ba tare da duba kyan noma ba, zai share kan ciyawa ya bar saiwarta a ƙasa, kuma ba mugunta ce ta sa shi ba, tsarin biyan ne ya koya masa haka. Abin da marubuci yake yi ke nan. Ya ɗauko labarin da wani gidan rediyo ya wahala ya tattara, ya juya jimlolin, ya sauya kalma biyu ko uku, ya tura. Ko ya kwafo rubutun Turanci ko na Faransanci ya zuba a Google Translate, wanda ya fara karɓar Hausa tun watan Disamban 2013, ya ɗan shafa masa mai a sama, ya tura. Daga nan ne ake samun Hausar nan da ba a jin ta a bakin kowa, kalmomi namu amma ƙashin jimlar na wani harshe, wadda tsoho zai saurara ya ce bai gane abin da ake nufi ba. Haruffa masu lanƙwasa kuwa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, an yi watsi da su saboda sauri, har yara masu tasowa suna ɗauka cewa haka ake rubuta harshen.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne rubutun da ya shafi lafiya. Maƙalolin magani suna daga cikin waɗanda aka fi latsawa, saboda haka su aka fi nema. An taɓa turo mini kan labari da ke cewa wani ganye yana warkar da ciwon suga kwata-kwata, aka ce in cika shi. Na ƙi, aka ba wani, kuma washegari rubutun yana yawo a wayoyin mutane. Ciwon suga cuta ce da ake lallaɓawa da magani da kula da abinci, kuma wanda ya ajiye maganin asibiti saboda ya karanta irin wannan a waya yana iya rasa ƙafarsa ko idonsa. Mai karatu a Tibiri ko Gidan Rumji ba shi da hanyar sanin cewa wanda ya rubuta abin bai taɓa shiga ajin likitanci ba, kuma cikin minti arba'in ya harhaɗa shi. Shi dai ya ga an rubuta da harshensa, kuma mutanenmu suna girmama abin da aka rubuta.

Akwai kuma haɗarin da marubucin yake ɗauka shi kaɗai. Dokar Nijar ta yaƙi da laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a watan Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da zai iya ta da hankalin jama'a, ba ta san da wani uzuri na cewa an matsa maka ka gama kafin la'asar ba. Idan rubutu ya yi kyau, sunan shafi ne a kai, ba a ambaton wanda ya rubuta. Idan ya jawo magana, mai shafi yana da saƙonnin da za su nuna daga wayar wa rubutun ya fito.

Na san abin da za a ce mini, domin mu ma muna faɗa wa junanmu: da babu gara ba daɗi. Gaskiya ne cewa Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana yaye ɗalibai kowace shekara, kuma guraben aikin gwamnati ba za su ɗauke su duka ba. Wanda ya samu abin sayen sabulu da yatsansa ya fi wanda ke zaune a fada yana jiran shayi. Gaskiya ne kuma cewa masu shafukan ba duka ne azzalumai ba. Kuɗin talla da ake samu daga masu karatu na yankinmu kaɗan ne idan aka kwatanta da na Turai, kuma Google ba ya sakin kuɗin talla sai sun kai dala 100 ta Amurka, abin da ƙaramin shafi kan daɗe bai tara ba. Amma ƙarancin riba ba hujja ba ce ta cinye haƙƙin wanda ya yi aiki, kuma addininmu ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Wanda ba zai iya biyan maƙala goma da daraja ba, ya nemi uku ya biya su yadda ya kamata, shafinsa ma zai fi samun masu dawowa.

Tun da ChatGPT, manhajar da ke yin rubutu da kanta, ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, farashin ya ƙara faɗuwa. Yanzu ana turo mana abin da na'ura ta rubuta a ce mu gyara a kan rabin kuɗi, wai ai an riga an yi aikin, alhali gyaran gurguwar Hausa da tantance ƙaryar da ke cikinta yakan fi rubutawa daga farko cin lokaci. A ganina wannan ya ƙara nuna inda darajar marubuci take. Na'ura za ta iya tara kalmomi dubu cikin ƙiftawar ido, amma ba za ta je bakin iyakar Ɗan Isa ta tambayi direbobi halin da suke ciki ba, ba kuma za ta zauna da matan da ke yin ƙuli-ƙuli ta ji yadda tsadar gyaɗa ta taɓa su ba. Irin wannan rubutun ne babu shi a intanet da Hausa, kuma shi ne ba wanda yake son ya biya.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Idan da gaske muke, to dole a dubi halin waɗanda suke rubuta harshen kowace rana, domin abin da suke zubawa a intanet shi yara suke karantawa fiye da kowane littafin makaranta. Ina kira ga ƴan uwana marubuta na Maraɗi da Damagaram da Tawa da mu haɗa kai mu tsayar da farashin da ba za mu sauka ƙasa da shi ba, mu daina karya wa juna kasuwa, mu kuma riƙa neman a rubuta sharuɗɗan aiki ko da a saƙon waya ne kafin mu fara: nawa ne, yaushe za a biya, da wane kuɗi, kuma sunan wa zai fito. Ina roƙon hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, da ta wayar da kan masu rubutu a intanet game da haƙƙinsu kamar yadda take yi wa mawaƙa, sufetocin ƙwadago kuma su san cewa akwai ma'aikatan da ba su da ofis balle a kai musu ziyara.

Ku kuma ƴan jarida, ina roƙon ku aiko da wakili ya zauna da waɗannan matasa ya ji daga bakinsu, sannan ku buɗe shafi guda a mako wanda za ku riƙa sayen rahoto daga marubutan garuruwa, ku biya su, ku sa sunansu a ƙasa. A nan Maraɗi akwai waɗanda za su iya, kuma a shirye nake in haɗa wakilinku da su duk ranar da ya sauka.

Na gode da ba ni wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani marubuci mai karanta ku,
Unguwar Zariya, Maraɗi, Jamhuriyar Nijar.