Kafin ka karɓi fom ɗin nan

Assalamu alaikum.

Sani, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kawunka ya kawo mini maganar da ka ji nauyin faɗa mini da bakinka. Wai diloli da wasu masu hannun jari a kamfanin haɗa motocin da kake wa aiki sun haɗa kai za su saya maka fom, ka fito takarar majalisar wakilai. Kuma wai ba sai ka ajiye aiki ba, hutu za a ba ka, ofishinka na jiranka ko an ci ko an faɗi. Ban ce masa i ba, ban ce a'a ba. A waya ba ka barin mutum ya kai aya, shi ya sa na rubuto.

Ba a kanka aka fara ɗauko mutum daga masana'antar abin hawa a tura shi siyasa ba. Garin Flint, a jihar Michigan ta Amurka, da ƙera keken doki da amalanke ya yi suna tun kafin a san mota, kuma masu ƙera su sun riƙe kujerar magajin gari, irin su William Paterson. A 1911 ma'aikata suka zaɓi wani ɗan gurguzu, John Menton, ya zama magajin gari. Hankalin masu masana'antu ya tashi. Shekara na zagayowa manyan jam'iyyun biyu suka ajiye gabarsu, suka tsayar da mutum guda, Charles Mott, mai kamfanin ƙera ƙafafun mota, wanda ke cikin manyan General Motors. Ya ci a 1912, ya sake ci a 1913, ya dawo a 1918. Mott ya yi wa garin alheri mai yawa daga baya, ban hana masa wannan ba. Abin da nake so ka duba shi ne waɗanda suka fito da shi da dalilinsu. Masu jari ba sa tuna siyasa sai ranar da suka hango wani abu zai taɓa musu aljihu. Ka tambayi naka diloli abin da suka hango.

Amma labarin da ya sa na ɗauki alƙalami na wata kujera ce guda ɗaya, ta sanatan Michigan, wadda mutum uku 'yan harkar mota suka yi ta kai-kawo a kanta daga 1918 zuwa 1922.

Na farko Henry Ford ne da kansa. A lokacin babu sunan da ya fi nasa tashe a ƙasar. Motarsa Model T ta cika tituna tun daga 1908, layin haɗa motar da ya kafa a 1913 ya rage aikin da ke cin sama da awa 12 zuwa kusan awa ɗaya da rabi. Shugaban ƙasa Woodrow Wilson ne ya roƙe shi ya tsaya. Ford ya amsa, amma ya ƙi yawon neman ƙuri'a, ya ƙi hawa mumbari. A ganinsa duk wanda ya san motar ya san mai ita, me ya rage kuma? Aka kaɗa ƙuri'a sama da 400,000, ya faɗi da tazarar 'yan dubbai. Da ya taka ƙafa ya zaga ƙauyuka yana gaida mutane, da wataƙila labarin ya sauya. Mutumin da ya saba a zo a same shi a ofis, tsayawa a gaban manomi ya ce “don Allah ka zaɓe ni” ya fi masa ƙera inji wuya. Na san halinka, wannan ciwon yana jikinka.

Wanda ya kayar da shi, Truman Newberry, shi ma ɗan gida ne, yana cikin attajiran birnin Detroit na jihar da suka zuba jari a kamfanin motoci na Packard. Shi da kuɗi ya yi yaƙinsa, yawanci na 'yan'uwa da abokai, kuma abin da aka kashe a zaɓen fid da gwani ya ninka abin da doka ta yarda sau da yawa. Ford ya ɗauki hayar masu bincike suka tono komai. A 1920 kotu ta yanke wa Newberry ɗaurin shekara biyu. Kotun ƙoli ta soke hukuncin a 1921, ba don ta wanke shi daga kashe kuɗin ba, sai don ta ce dokar ba ta da hurumi a kan zaɓen fid da gwani. Majalisar Dattawa ta bar masa kujerar, ta haɗa masa da tsawatarwa a rubuce. Ya zauna a kanta cikin gori da habaici har Nuwamban 1922, ya gaji ya ajiye. Ka ga mutum ya ci zaɓe, ya ci shari'a, kujerar kuma ta ƙi zaunuwa.

Da ya sauka, gwamna ya naɗa na uku, James Couzens. A kan wannan zan daɗe, domin shi ne ya fi kama da kai wajen aiki.

Couzens haifaffen Kanada ne, a 1872. Ya zo Detroit yana saurayi, ya yi aikin duba taragogi a tashar jirgin ƙasa, daga nan ya zama akawun wani mai sayar da kwal. Da aka kafa kamfanin Ford a 1903 ya zuba dala 2,500, wani ɓangare bashi ne, har da dala 100 ta 'yar'uwarsa malamar makaranta. Ford yana can wajen inji, Couzens ke riƙe da littafin kuɗi, shi ke hulɗa da diloli, shi ke matsa musu su biya kafin a sakar musu mota. Mutane da yawa da suka yi nazarin kamfanin suna ganin ba don shi ba da bai kai labari ba, domin Ford ya riga ya yi yunƙuri biyu kafin nan bai dace ba.

A 1913 wahalar layin haɗa mota ta sa ma'aikata gudu, har sai da kamfanin ya ɗauki mutum sama da 50,000 a shekara guda don ya riƙe kusan 14,000. A Janairun 1914 aka ɗaga ladan yini daga dala 2.34 zuwa dala 5, aka rage lokacin aiki daga awa tara zuwa takwas. Har yau ana jayayya a kan wanda ya fara kawo shawarar, amma ba a musun cewa Couzens na cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka a kanta.

Abin da ya raba shi da Ford a 1915 shi ne ainihin maganata da kai. Ford ya riƙa cusa ra'ayinsa na siyasa game da yaƙin duniya a cikin mujallar kamfani. Couzens ya ce ra'ayin mutum nasa ne, mujallar kamfani kuwa ta masu jari ce duka, kada a gauraya. Ford ya nuna masa wane ne mai gida. Couzens ya ajiye muƙamin babban manaja a ranar.

Da irin dukiyarsa zai iya hangen kujerar gwamna kai tsaye. Bai yi haka ba. Ya karɓi aikin kwamishinan 'yan sandan Detroit a 1916, aikin da babu wanda ke gode wa mai yin sa. A 1919 ya zama magajin gari, kuma a shekarar ya sayar wa Ford hannun jarinsa kaf a kan kusan dala miliyan 30. Yana magajin gari ya yi ta kokawa da kamfanin da ke riƙe da jiragen ƙasa na cikin gari har suka koma hannun hukuma a 1922. Ranar da ya shiga Majalisar Dattawa ba shi da ko sisi a kamfanin Ford, babu kuma wanda zai ce shi ya saya masa kujera. Wannan ne ya ba shi bakin da ya ja da ministan kuɗi Andrew Mellon, ɗan jam'iyyarsu, a kan rage wa attajirai haraji, alhali shi ma attajirin ne. Ya binciki hukumar haraji. Ma'aikatar kuɗi ta juyo kansa da cewa ana bin sa kusan dala miliyan 10 a kan cinikin hannun jarin nan. Aka je gaban masu shari'ar haraji, ya yi nasara.

Kada ka ɗauka waliyyi ne. Mutum ne mai zafin rai, mai kaushin harshe, abokansa a majalisa ba su da yawa, kuma da bankunan Detroit suka durƙushe a 1933 wasu sun ɗora wa taurin kansa wani kaso na laifin. Ƙarshensa a siyasa ma ba daɗi: a 1936 ya fito fili ya mara wa shugaban ƙasa Roosevelt baya, ɗan takarar wata jam'iyya, mutanensa suka kayar da shi a zaɓen fid da gwani, ya rasu a Oktoban shekarar. Ya san abin da zai biyo baya ya kuma faɗi abin da ke ransa. Kai da albashinka kaɗai, da fom ɗin da wasu suka biya, za ka iya? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ranar da za a kawo ƙudurin harajin shigo da motoci, ko na lamunin masu haɗa su a gida, wayarka za ta yi ƙara tun kafin a buɗe zama, kuma ka san muryar da za ka ji. Mutanen mazaɓarka kuwa tokumbo suke iya saya, waɗanda ma suke iyawa ke nan. Can ma a 1953, da aka ɗauko shugaban General Motors, Charles Wilson, za a ba shi ministan tsaro, sanatoci ba su tabbatar da shi ba sai da ya amince zai rabu da hannun jarinsa, duk da ya gaya musu shi a ganinsa abin da ya amfani ƙasa ya amfani kamfanin, wanda ya amfani kamfanin ya amfani ƙasa.

Akwai wani abu kuma, wanda ya fi kuɗin damuna. Kawunka ya ce kana cewa matsalar ƙasar nan rashin tsari ne kawai, a ba ka alƙaluma ka gyara. Robert McNamara ma haka ya ɗauka, kuma ya fi ka iya lissafi. Ya shiga Ford a 1946 kamfanin na tafka asara, shi da abokansa suka daidaita shi da ƙididdiga, ya zama shugabansa a ƙarshen 1960, bayan 'yan makonni sabon shugaban ƙasa Kennedy ya ba shi ministan tsaro. Ya ɗauki ma'aunin masana'anta ya kai yaƙin Biyetnam, inda aka riƙa auna nasara da yawan gawarwakin abokan gaba. Kwamandoji suka gane abin da oga ke so, suka riƙa aiko masa da lambobi masu daɗin karantawa. Amurkawa sama da 58,000 suka mutu, 'yan ƙasar kuwa ninkin-ba-ninkin haka, kuma a 1995 McNamara ya fito ya amsa cewa sun yi mummunan kuskure. A wurin aikinka, idan birki bai kama ba, ba rahoton da zai sa ya kama. A gwamnati za a kawo maka takarda da hoto da sa hannun dagaci cewa an gina rijiya, kai kuma ba ka taɓa taka ƙauyen ba.

Majalisa kuma ba ofishin manaja ba ce. Ba ka da ikon korar kowa, ba mai jiran umarninka, aikin duk magana ne da lallashi da jure wa a ce maka a'a a bainar jama'a. Herbert Austin, mai kamfanin motocin Austin na Ingila, ya wakilci wani yanki na Birmingham daga 1918 zuwa 1924, ya gama bai taɓa tashi ya yi jawabi a zauren ba. Mutumin da dubban ma'aikata ke rawar jiki in ya shigo!

To ga abin da nake so. In har zuciyarka ta tsaya a kan siyasa, ka rubuta takardar ajiye aiki ta gaskiya, ba hutu ba, kuma ɗan hannun jarin da aka ba ka ka sayar. Fom ka saya da guminka. In kuɗinka bai kai na majalisar tarayya ba, to, ba ita ce kujerarka ba tukuna, akwai ta jiha, akwai ƙaramar hukuma. Diloli in suna ƙaunarka su kawo gudummawa a fili, gwargwadon abin da doka ta yarda, a rubuta, ka adana rasit. Ka tanadi abin da iyalinka za su ci na shekara guda ko da an faɗi, kada ka taɓa gidan da suke ciki. Sannan ka zo gida ka zauna. Mutanen da kake so ka wakilta sun san sunana, kai kuwa rabonsu da kai tun kana sakandare, kuma ni ba zan ari bakinka in ci maka albasa a wurinsu ba.

Kada ka ba mutanen nan amsa sai mun gana. Ka zo da ƙarshen wata, ka taho da lissafin abin da ka mallaka da abin da ake bin ka, mu duba tare da kawunka. Mahaifiyarka ba ta ji maganar ba tukuna, kai za ka faɗa mata da kanka.

Ka gaida mai ɗakinka da yaran. Ka ce wa amaryata ƙarama ina nan ina jiran tuwon da ta yi mini alkawari. Allah Ya yi maka albarka, Ya zaɓa maka mafi alheri.

Wassalam,
Mahaifinka