Amsa ga Alhaji shugaban kulob, kan gwiwar yaronmu

Salam Alhaji. Na ga tambayar da ka jefo min a Facebook, wai in dai dashen guringuntsin gwiwa da aka yi wa ɗan wasanka a Indiya ya yi kyau, me ya sa hoton MRI ya nuna abin ya fito daga mazauninsa, kuma nawa ne kamashona. Yaron ya ba ni izinin magana, shi ya sa zan amsa.

Ta kamashon ce ta ƙona min rai wallahi. Shekara nawa ina duba ƙashi a Gusau, har gyatumarka ni na duba ta lokacin da ta faɗi, ban ji ka tambayi kamasho ranar ba. Ban karɓi ko sisi ba, ka je ka bincika.

To hoton da kake ta yawo da shi a waya. Abin da aka dasa guringuntsi ne mai siffar jinjirin wata, meniskus, biyu ne a kowace gwiwa, aikinsa tamkar gammo ne tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Na yaron ga an riga an cire shi bayan ya yage, ƙashi na gugar ƙashi, shi ne aka nemo na mamaci daidai girman gwiwarsa. Kuma ba yau aka fara ba balle ka ce gwaji aka yi da shi, tun 1984 aka yi irinsa a Munich ta Jamus.

Duk rigimar aikin tana wurin ɗaure bakin gammon guda biyu, wato ƙarshensa na gaba da na baya. Dole kowanne ya zauna daidai inda na asali ya tsiro a jikin ƙashi, wasu likitoci da ɗan guntun ƙashi suke kafe shi, wasu zare kawai suke zurawa ta rami su ɗaure, in aka kauce ko da 'yan milimita ne, ko girman bai dace ba, nauyi na sauka sai gammon ya zame gefe. In ya wuce bakin ƙashi da sama da milimita 3 muke cewa ya fito. Na yaronka ya ɗan haura haka, ban musa ba. Amma na duba ramukan da idona, suna mazauninsu. Kuma 'yar fitowar nan ana yawan ganinta bayan dashe har ga waɗanda ba su jin ciwon komai, mu majinyaci muke yi wa magani ba hoto ba. Kusan 7 cikin 10 na irin dashen ga suna kai shekara 10 suna aiki, na faɗa muku haka gaban mahaifinsa kafin a sayi tikiti, ban ce sabuwar gwiwa za a ba shi ba.

Zancen wai haramun ne sa naman gawa, wannan ka kai wa malamai, ba fagena ba ne.

Abin da ba ka rubuta ba shi ne wa ya sa mishi riga wata 3 da aiki? An ce mako 6 da sanda, ƙwallo kuwa kar a ko yi zancenta kafin wata 9, sai ga shi a fili mai tauri kamar daɓe saboda kofi na hannun wani babba kuma kana son a gan ka a hoto, zaɓe ya matso ai mun gane. Da gwiwar ta kumbura ma ba wurina kuka fara zuwa ba, wurin mai ɗori aka kai shi aka murɗe ta son rai. Haka kuke mana kullum, sai abu ya lalace a kawo asibiti, gobe a hau intanet a ce likitoci dillalai ne.

Ka turo min shi ranar Litinin da safe, da sandarsa. Kai ma in ka ga dama ka zo, ka taho da hoton.