Zuwa Ga Ɗana, Kan Maganar Auren Rajista

Ɗana ƙaunatacce,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi, tare da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta kuma ce ka gaishe mata da 'yarta da kyau.

Saƙonka ya iso, na kuma gane shawarar da kuka yanke: ku je ofishin rajista a ɗaura, ku karɓi takarda, na coci kuwa sai daga baya idan ƙura ta lafa. Na ga dalilinka. Yarinyar da za ka aura Kirista ce amma ba Katolika ba, iyayenta suna son a yi a cocinsu, kai kuma ba ka son aurenku ya soma da jayayya tsakanin gida biyu. Niyyarka mai kyau ce, ban raina ta ba. Sai dai hanyar da ka zaɓa ba za ta kai ka inda kake tsammani ba, shi ya sa na ga gara in rubuta maka a tsanake, don magana a waya takan wuce a manta.

Kada ka ɗauka Coci tana ƙyamar rajista. Dokar Coci, wadda Paparoma John Paul na Biyu ya fitar a 1983, ta faɗa a sashe na 1059 cewa hukuma tana da ikonta a kan abubuwan da suka shafi zaman ƙasa a cikin aure, wato gado, dukiya, haƙƙin mata da na 'ya'ya a gaban kotu. Har ma sashe na 1071 ya hana fada, wato limamin Cocin Katolika, ɗaura auren da dokar ƙasa ba za ta amince da shi ba, sai da izinin bishop. A Faransa, inda auren hukuma ya soma tun 1792, da Jamus, inda aka wajabta shi a 1875, Katolika sukan je gaban jami'in gwamnati, su kuma je coci, ba wanda ya ce sun yi laifi. A Italiya kuwa, tun yarjejeniyar 1929, auren coci shi ne ake shigarwa a littafin hukuma ya zama na ƙasa. Takardar hukuma kariya ce ga matarka da 'ya'yanka, ni kaina zan matsa maka ka samo ta. Damuwata ita ce ka tsaya a kanta kaɗai.

Ga abin da muka gaskata. Ba fada ne ke ƙulla aure ba, ba kuma jami'in rajista ba. Yardar mutum biyu ce ke ƙulla shi, sa'ad da namiji da mace suka ba da kansu ga juna da bakinsu, ba tilas, har mutuwa. Sashe na 1057 ya ce babu wani iko na ɗan Adam da zai iya ba da wannan yarda a madadinsu, ko uba ne ko sarki. Idan kuma dukansu masu baftisma ne, wannan alkawarin sakramenti ne, su biyun ne ke miƙa wa juna shi, fada kuwa shaida ne da ke tambaya ya karɓi amsar da sunan Coci.

Na san tambayar da za ta zo maka: in dai yarda ce ke ƙulla aure, me zai hana yardar da muka bayar a rajista ta wadatar? Tambaya ce mai kyau, kuma shekaru ɗaruruwa Coci ta amince da auren da mutum biyu suka ƙulla su kaɗai, ba fada ba shaida, ko da yake tana tsawatarwa a kai. Abin da ya biyo baya ne ya sa aka canja. Namiji zai yi wa yarinya alkawarin aure a ɓoye, su zauna, ta haihu, sannan ya musanta ya je ya auri wata a bainar jama'a. Ta farkon ita ce matarsa a gaban Allah, amma ba ta da mai tsaya mata, kotun Coci kuma ba ta da abin kamawa. Saboda irin wannan zalunci ne Majalisar Trent, wato babban taron bishop-bishop na Coci, ta fitar da dokar da ake kira Tametsi a 1563, ta ce daga nan auren Katolika ba zai ɗauru ba sai a gaban fadan farish da shaidu. Dokar ba ta kai ko'ina ba a lokacin, sai da Paparoma Pius na Goma ya faɗaɗa ta da wata doka, Ne Temere, wadda ta soma aiki a 1908. Yau tana nan a sashe na 1108: bishop ko fada ko dikin da aka ba izini, tare da shaidu biyu. Ka lura da asalin dokar, domin mace aka yi ta da 'ya'yanta, don kada a yi wasa da su.

Wannan doka ta hau kanka tun ranar da muka kai ka aka yi maka baftisma. Ko mutum ya daina zuwa coci, tana nan a kansa. Da akwai wata 'yar ƙofa ga wanda ya fice daga Coci a rubuce, amma Paparoma Benedict na Sha Shida ya rufe ta a 2009. Saboda haka idan ka je rajista kaɗai, ba tare da izinin bishop ba, a wurin hukuma kai mai aure ne, a wurin Coci kuwa aurenka bai ɗauru ba. Na san maganar tana da ɗaci, amma gara ka ji ta daga bakina.

Coci ba ta ɗauki irin waɗannan ma'aurata daidai da masu zaman dadiro ba. Paparoma John Paul na Biyu ya rubuta a 1981 cewa akwai bambanci, domin sun ɗauki nauyin juna a fili, sun kuma yarda da haƙƙoƙin da ke kansu. Ba a kore su daga Coci ba, ana so su zo Misa, su yi addu'a, su kawo 'ya'yansu baftisma. Amma ya ƙara da cewa ba za a ba su sakramenti ba sai sun gyara. Na san wani mutumin kirki da ya shiga wannan hali. Shi ma "daga baya" ya ce. Aka haifi na fari, aka haifi na biyu, hidima ta yi yawa, kunyar tunkarar fada kuma ta ƙaru. Duk Lahadi idan jama'a sun tashi sun shiga layin karɓar Jibin Ubangiji, sai ya janye gwiwoyinsa gefe don mutane su wuce, ya sunkuyar da kai har a gama. Ranar da 'yarsa ta karɓi Jibinta na farko, a kan benci ya kalle ta. Ba na so in ga haka a kanka.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna, ina roƙonka ka tsaya a kansa. Coci tana girmama auren waɗanda ba Katolika ba. Kirista biyu na wata ɗarika da suka yi aure, a cocinsu ne ko a rajista, aurensu ya ɗauru, kuma sakramenti ne in dukansu suna da baftisma. Waɗanda ba su da baftisma ma aurensu aure ne na gaskiya. Dokar zuwa gaban fada Katolika kaɗai ta ɗaure. To, dubi matsayin yarinyar nan. Za ta tsaya a rajista ta ba ka kanta da zuciya ɗaya, a saninta ta zama matarka har abada. Kai kuwa ka san cewa a Cocinka ba a ɗauke ka mai aure ba, ka kuma san cewa idan abu ya ɓaci kuka rabu a kotu, da 'yan takardu kaɗan za a tabbatar ba ka taɓa aure ba, ka je ka auri wata a gaban bagade. Ban ce haka ke ranka ba, na san ɗan da na haifa. Amma tsarin da ka zaɓa ya ɗaure ta ya bar maka ƙofar baya a buɗe, wannan kuwa ba adalci ba ne ga 'yar mutane. In kana sonta yadda ka faɗa mini, ka rufe ƙofar nan da hannunka tun yanzu.

Matsalar da kake gudu kuma tana da mafita a cikin dokar kanta. Auren Katolika da Kirista na wata ɗarika yana buƙatar izinin bishop, ana kuma bayarwa. Abin da za a nema daga gare ka shi ne ka furta cewa za ka riƙe bangaskiyarka, ka kuma yi alkawarin yin iyakar ƙoƙarinka don 'ya'yanku su sami baftisma da tarbiyya a Cocin Katolika. Ita ba a sa ta yin alkawarin, tun gyaran da Paparoma Paul na Shida ya yi a 1970. Sanar da ita kawai ake yi, don ta san abin da ka ɗauka. Ba kuma a tilasta mata ta bar cocinta. Bayan wannan, sashe na 1127 ya ba bishop ikon ɗage maka dokar zuwa gaban fada idan akwai babbar wahala, kuma rikici tsakanin dangi yana cikin dalilan da akan kawo. In ya amince, za a iya ɗaura auren a cocin iyayenta, fastonsu ya jagoranta, auren kuma ya ɗauru sarai a wurinmu, a rubuta shi a littafin farish. Abin da aka hana shi ne a ɗaura a can sannan a zo a sake ɗaurawa a nan, ko fada da fasto su haɗu kowa yana karɓar alkawari ta tsarinsa. Alkawari ɗaya ne, sau ɗaya ake yinsa. Ka ga ashe ana iya faranta wa surukanka ba tare da ka rasa kome ba, abin da ake bukata kawai ka nema kafin ranar, don tun ran gini tun ran zane.

Kada kuma ka ɗauka shiga coci kaɗai ke sa aure ya ɗauru. Ana iya yin biki a babbar majami'a da mawaƙa da fitilu, auren kuma bai ɗauru ba. Idan ɗaya yana da igiyar wani aure a kansa, ko da kotu ta raba su, bai ɗauru ba. Idan an tilasta wa wani ko an tsorata shi, ko an yaudare shi a kan wani babban abu don a sami yardarsa, bai ɗauru ba. Haka nan idan mutum ya faɗi alkawarin da baki alhali a zuciyarsa ya ƙudura cewa ba zai haihu ba sam, ko ba zai tsaya ga mace ɗaya ba, ko zai fita in abin bai yi masa ba. Wannan na ƙarshen ka kula da shi sosai, domin dokar ƙasa tana da saki, mutane da yawa kuma suna shiga aure da tunanin sakin a aljihunsu. Ku zauna ku biyu ku tambayi juna a fili: mun yarda har mutuwa ne? Muna son 'ya'ya? Akwai abin da ɗaya ya ɓoye wa ɗaya? Abin da kotun Coci ke bincika ke nan idan aure ya rushe aka kawo ƙara. Ba saki take bayarwa ba, dubawa take yi ko tun ranar farko akwai aure. Paparoma Francis ya sauƙaƙa tsarin shari'ar a 2015, amma bai taɓa tushen ba: auren masu baftisma da ya ɗauru, suka kuma san juna a matsayin miji da mata, babu mai raba shi sai mutuwa. Ubangiji da kansa ya ce abin da Allah ya haɗa kada mutum ya raba.

In kuwa har kun riga kun je rajistar ba ka faɗa mini ba, kada kunya ta sa ka ɓoye. Ana gyarawa. Mutane sukan ce za su kai aurensu a sa masa albarka, amma abin ya wuce sa albarka, sabon alkawari ne kuke yi a gaban fada da shaidu biyu, daga ranar ne kuma Coci take ƙirga aurenku. Ba ya bukatar taro. Mutumin nan da na ba ka labari, da ya yi ƙarfin hali ya je, ni na tsaya masa shaida wata ranar aiki da yamma. Mu biyar ne a cocin har da fada, matarsa da kayanta na kullum, zoben ma tsohon ne aka cire aka sake sakawa. Kafin duhu ya yi an gama, mun sa hannu a littafi, Lahadin da ta biyo ya shiga layi. Idan kuma ita ta ce ba za ta maimaita alkawari ba domin a wurinta ta riga ta yi, wannan ma an tanadar masa hanya: bishop yana iya gyara auren daga tushe ba tare da sabon biki ba, muddin yardarku ta farko tana nan ba wanda ya janye.

Abin da nake so ka yi shi ne ka je wurin fadan farish ɗin da kake zaune, kai da ita tare, kafin ku tsayar da rana. Ka gaya masa kome yadda yake, har da matsayin iyayenta. Zai nemi sabuwar takardar baftismarka, domin a littafin baftisma ake rubuta auren mutum, ta nan ake sanin ko yana da igiya a kansa. Wannan ka bar mini, zan karɓo in aiko maka. Ita ma ta nemo tata daga cocinsu. Akwai darussan shirin aure da za ku yi, takardar neman izini kuma sai ta je ofishin bishop ta dawo, saboda haka kada ku bari sai lokaci ya ƙure. Idan kana ganin zai taimaka in yi magana da mahaifinta da kaina, ka faɗa mini, a shirye nake in je in zauna da shi cikin mutunci.

Ka nuna mata wannan wasiƙa in ka ga dama, babu abin da na rubuta da zan ji nauyin ta karanta. Ka kira ni bayan kun ga fada. Ni da mahaifiyarka muna sa ku cikin addu'a kullum.

Naka,
Babanka